Babi na Bakwai: Canza Man Shokar Gaba ta Babur

Babur ɗin da ke cin doguwar hanya, Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, ga buhu a baya ga burji mai gargada, shokarsa ta gaba tana shan wahala ƙwarai. Shokar gaba ƙafa biyu gare ta, kuma a cikin kowace ƙafa akwai mai da sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Shi kuwa mai, ta wasu ƙananan huji yake kurɗawa, shi ya sa in taya ta faɗa rami shoka take lotsawa a hankali, ta dawo a hankali. Yau da gobe sai man ya tsinke, ya yi baƙi da garin ƙarfe, wani lokaci ruwan damina ya shige shi. Daga nan gaban babur zai riƙa nutsewa in an kama birki, yana bugawa a rami, mai tuƙi ya kwana da ciwon kafaɗa.

Kowa yana tunawa da baƙin man inji, amma kaɗan ne ke tunawa da wannan. A canza shi duk shekara 2, ko bayan kilomita 20,000. Mai bin ƙura kullum kada ya jira har haka.

Abin da za a tanada

Man shoka, wanda aka fi amfani da shi mai lamba 10W ne. Sufana da alanki, wato makullin noti mai kusurwa shida, daidai da notinan babur ɗinka, sirinji mai cin mililita 50, tsohon kwano, tsumma mai tsabta, da ɗan kananzir. Kada a zuba baƙin man da aka juye daga inji. Dattin da ke cikinsa yana toshe hujin nan, yana kuma cin sil, wato robar da ke hana mai tsiyaya.

Yawan man ya danganta da irin babur. Ƙananan babura na cin tsakanin mililita 80 zuwa 170 a kowace ƙafa, manyan na doguwar tafiya kuwa 400 zuwa 600. Duba littafin da ya zo da babur, ko ka tambayi bakaniken da ya san irinsa, ka rubuta adadin a takarda kafin ka taɓa sufana.

Yadda ake yi

Ka zaɓi inuwar da iska ba ta kawo yashi, ka shimfiɗa buhu. Kafa babur a kan babban jak, ka tokare ƙasan inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa. Cire wayar mita da ta birki, sannan taya da madigadi.

A nan ne mutane suke ɓata aiki. Kowace ƙafa maƙala biyu ke riƙe da ita, ta sama da ta ƙasa. Fara sassauta notin maƙalar sama, sannan ka ɗan motsa murfin shoka tun maƙalar ƙasa tana riƙe da ita. In ka zare ƙafar tukuna, bututunta mai ƙyalli zai riƙa juyawa a hannunka, ka kai ga kama shi da filaya, shi ke nan ka ƙwarzane shi. Bayan murfin ya motsa, saki maƙalar ƙasa ka zare ƙafar.

Tsayar da ita, ka danne murfin da tafin hannu kana kwancewa, domin sifirin yana tura shi da ƙarfi. Kau da fuskarka daga saitinsa. Zaro sifirin ka lura da yadda yake, don wani yana da gefen da zoben ya fi matsewa, kuma yadda ka same shi haka zai koma. Kifa ƙafar a kwano, ka riƙa tura bututun ciki da waje har mai ya daina fitowa. Ɗauraye da kananzir, ka bar ta a kife ta tsane sarai.

Kafin ka zuba sabo, shafa yatsa a jikin bututun mai ƙyalli. In ka ji tsatsa ko ƙwarzane, suna cin sil; in kuma ka ga zoben mai da ƙura ta manne masa, sil ya mutu, a canza shi yanzu. Wannan ba abin wasa ba ne, don man da ke tsiyaya yana gangarawa kan birki, birkin kuma ya ƙi kamawa.

Auna man da sirinji, ba da ido ba. Zuba shi, ka tura bututun sama da ƙasa a hankali kamar sau 10, har kumfa ta daina tasowa. Ƙafa ta biyu ta sami daidai abin da ta farko ta samu, ko ɗigo kada ya bambanta. In mai ya yi yawa, iskar da ya kamata ta rage a sama ba ta da wuri, shoka ta sandare, sil ya fashe. In ya yi kaɗan, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Mayar da sifirin. Murfin kuma fara ɗaura shi da hannu zagaye biyu ko uku kafin sufana, saboda zarensa siriri ne, da ya hau a karkace ya lalace. Mayar da ƙafafun tsayinsu ɗaya a maƙala. Sa madigadi da taya, mayar da wayar mita da ta birki, sauke babur, kama birki ka danna gaban sau biyar ko shida don komai ya zauna, sannan ka ƙarasa ɗaure notinan. Gwada birki a tsakar gida kafin ka hau titi. Tsohon man a zuba shi a galan a rufe, nesa da rijiya da wurin shan ruwan dabbobi.

Aikin aji

Babur yana cin mililita 150 a kowace ƙafa. Sirinji mai cin 50 sau nawa za ka cika don ƙafa ɗaya? Galan mai lita 1, wato mililita 1,000, babur nawa zai isa, kuma nawa zai rage? Rubuta amsa a littafinka ka nuna wa malam.