Yadda Ake Gane Tarihin Tsohuwar Coci Daga Bangonta

Kuskuren da na fi gani wurin masu fara nazarin tsofaffin cocin Ingila shi ne su kalli taga ɗaya su yanke wa ginin gaba ɗaya shekara, alhali cocin ƙauye da wuya a ce an gama ta a ƙarni guda. Misalin da zan bi shi ne cocin Maryamu da ke Iffley, kusa da Oxford, wadda aka gina wajen 1160, tun ƙasar tana bin Katolika, kafin ta rabu da Roma a 1534.

Da farko ka zagaya ginin ta waje, kuma kada ka sayi ɗan littafin bayanin da ake sayarwa sai ka gama, domin duk wanda ya karanta kafin ya duba, abin da aka faɗa masa kaɗai zai gani. Daga nan ka tsaya a babbar ƙofar yamma. Bakanta mai zagaye, da sassaƙar da ta yi kama da haƙoran zarto, da jerin kawunan tsuntsaye masu dogon baki, duk aikin magina ne na zamanin Normandawa (mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi), wato ƙarni na 12.

Tagogi ne inda ake faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Taga ta fi komai saurin sauyawa, saboda kowane zamani yana son ƙarin haske, sai a fasa tsohon bango a saka sabuwa. A Iffley an saka manyan tagogi a ƙarni na 15 cikin bangon da ya girme su da kusan shekara 300. Abin da ya ruɗe ni kuwa shi ne tagar nan mai zagaye da ke saman ƙofar yamma, wadda na ɗauka ta asali ce, ashe an maido da ita ne wajen 1856. Saboda haka ka riƙa duban dutsen da ke kewaye da taga: idan gefensa yana da kaifi, launinsa kuma ya bambanta da na bango, to hannun masu gyara ya taɓa shi.

Daga ƙarshe ka shiga, ka nufi gabas inda bagade yake. Siraran tagogi masu tsinin kai za su nuna maka sashen da aka ƙara a ƙarni na 13. Ka rubuta abin da ka gani, sannan ka buɗe littafin.