Yawon Buɗe Ido da Kaka da Jikoki: Yadda Nake Tsara Tafiyar

Idan tafiya ta haɗa kaka mai shekara saba'in, da jariri a goye, da samari da 'yan mata a tsakani, ƙafar tsohuwa da barcin jariri su ne ke yanke nisan da za a yi a wuni. A danginmu ni ake ɗora wa tsarin irin wannan tafiya, kuma a kan waɗannan biyun nake gina komai.

Fara da fasfo tun da sauran wata uku ko huɗu. Karɓi na kowa ka buɗe da idonka, kada ka tsaya kan "ai nawa da saura". Ƙasashe da yawa suna son ya rage wa fasfo aƙalla wata 6. Ƙasashen Shengen na Turai kuwa wata 3 suke nema bayan ranar da za ku baro su, tare da inshorar lafiya ta Yuro 30,000 ga mai neman biza. Yaron da zai bi goggonsa ko kawunsa ba tare da iyayensa ba, a riƙe masa takardar haihuwa da takardar amincewar iyaye.

Da zarar an yanki tikiti, nemi a tanadar wa tsofaffi keken turawa a filin jirgi, aƙalla awa 48 kafin tashi. Kyauta ne. Wahalar tana wajen shawo kan mai hawan, don dattijo ba ya son a gan shi kamar ya gaza. Ni abin da nake cewa shi ne, "Hajiya, ba don ƙafarki ba ne, filin ne da faɗi, kuma in kina kai ba za mu daɗe a layi ba." Wanda ya taɓa sauya jirgi a Dubai ko Istanbul ya san irin tafiyar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa. Magunguna su shiga jakar hannu cikin kwalayensu na asali, da takardar likita, da ƙarin na kwanaki ko da jirgi zai yi jinkiri. Insulin, maganin ciwon suga, kada ya shiga cikin kayan awo, sanyin can yana iya lalata shi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, tana da tsanani kan magunguna irin su tiramadol da kodin, sai a duba dokarta tun ana gida.

Wajen masauki tambaya uku nake yi: akwai lif, banɗakin na tsayuwa ne ko sai an ɗaga ƙafa an shiga baho, kuma taku nawa ne zuwa tasha? Tsofaffin gine-ginen Turai da yawa matakala ce zalla. A Faris ma yawancin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba su da lif, don haka mai keken jariri ko mai ciwon gwiwa ya fi samun sauƙi a bas.

Sai tsarin wuni, wanda nan ne ake yawan samun saɓani. Babban wuri ɗaya a rana ya isa, a je shi da sanyin safiya. Ɗauki Istanbul. A taswira za ka ga Fadar Topkapi da Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed duk a jere, zuciya ta ce a gama da su yau. Amma Topkapi kaɗai, wadda Sarki Muhammadu na Biyu ya gina bayan ya ci birnin a 1453, farfajiya huɗu ce, ga daɓen duwatsu da ke gajiyar da ƙafa yana kuma girgiza keken yaro. Ɗakin da aka adana kayan tarihin Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai yana farfajiya ta uku, ana karatun Alƙur'ani a ciki. Can manya suka fi ɗokin gani, saboda haka a wuce da su kai tsaye tun da ƙarfinsu, sauran ɗakunan a bi su a hanyar dawowa gwargwadon iko. A kuma tuna fadar a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma ranar Lahadi. Washegari a yi abin zaune: jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, a tsallaka daga Turai zuwa Asiya cikin 'yan mintuna. Kaka tana zaune tana kallon hasumiyoyi, yara sun manne a gefe suna nuna tsuntsayen da ke bin jirgin.

Bayan azahar a rabu, ba laifi ba ne. Matasa su tafi kasuwa, manya da ƙanana su koma su kishingiɗa, a haɗu wajen cin abincin dare. Abu ɗaya da ba na yarda da shi shi ne a mayar da kaka mai reno kullum. Ita ma kallo ta zo. Zama da yara a riƙa yin sa karɓa-karɓa, har da maza.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a tashi: wa ke biyan masauki, wa ya ɗauki nauyin iyaye, nawa kowane gida zai zuba a asusun mota da tikitin shiga. Wanda hannunsa bai kai ba a ji ta bakinsa a keɓe, kada a sa shi jin kunya a gaban ƙannensa.

Kowane yaro da kowane tsoho a saka masa kati a aljihu mai sunan masauki da lambar waya, a rubuce da harshen ƙasar. Da an isa wuri mai cunkoso, kafin a shiga, a nuna wa kowa ƙofar da za a tsaya idan an rabu, kuma kowane yaro ya san sunan babban da ke riƙe da shi a ranar.