Kurakuran da masu kiwon kare suke ta maimaitawa

Yawancin karnukan da ake kira masu taurin kai ko mugaye, masu su ne suka mayar da su haka, kuma kusan hanya ɗaya ake bi a ɓata su.

Babba a ciki shi ne hukunci bayan aikin gama ya gama. Mutum ya dawo gida ya tarar kwikwiyo ya yi kashi a ɗaki ko ya tauna takalmi, sai ya kira shi, ya dangwara masa hanci a wurin, ya rufe shi da duka. Kare yana danganta lada ko hukunci ne da abin da yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ɓarnar da ya yi awa uku da suka wuce ta riga ta fita daga lissafinsa. Abu na ƙarshe da ya yi kafin dukan shi ne amsa kiranka, saboda haka abin da ya koya shi ne zuwa wurinka yana jawo azaba. Ran da ya tsinke igiya ya nufi titi, za ka yi ta kira yana ƙara wuta. Sunkuyar da kai da maƙe wutsiyar da kake gani har kake cewa "ai ya san ya yi laifi", tsoron fuskarka da muryarka ne kawai, ko bai taɓa komai ba haka zai yi maka.

In ka tarar da ɓarna, share ka yi shiru. Kada ka goge wurin da ruwan wankin da ke da amoniya, domin warinsa ya yi kama da na fitsari, zai sake jawo shi wurin. Riƙa fitar da shi da ya tashi daga barci, da ya gama cin abinci, da bayan wasa. Ɗan wata biyu yana bukatar fita kusan duk bayan awa biyu da rana, kuma wuri ɗaya za a riƙa kai shi. Yana gamawa, nan take ka yaba masa ka ba shi ɗan abin ci. Ni ban yarda a kira kare don abin da ya tsana ba, wanka ne ko magani. Tashi ka je ka kamo shi da kanka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne dukan kare don ya yi gurnani. Kafin kare ya yi cizo yana ba da sanarwa daki-daki: ya lashi baki, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kau da kai, ka hango farin idonsa, jikinsa ya sandare, sannan gurnani. Gurnanin nan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Ka dake shi a kansa sau biyu sau uku, zai daina, amma abin da ke damunsa yana nan daram. Gobe yaro zai kusanci kwanonsa, ya cije shi babu sanarwa, a taru a ce kare ya haukace, alhali mai shi ne ya kashe masa murya da hannunsa. Me ya sa za ka hukunta dabba don ta gaya maka gaskiya? In ya yi gurnani, ja da baya ka duba sanadi. In halin ya zo masa kwatsam, kai shi wurin likitan dabbobi, don ciwon kunne ko na haƙori yana sa haka. In a kan abinci ne, daina fizge masa kwano wai don ya san kai ne babba. Riƙa wucewa daga nesa, kamar taku uku, kana jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, kana rage tazarar a hankali cikin kwanaki. Kuma kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabon da suka yi. Wutsiyar da kare ya ɗaga sama tana kaɗawa a ƙage tana iya zama alamar shirin faɗa.

Sai masu kulle kwikwiyo a keji ko ɗaure shi da sarƙa don ya yi zafi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 14 na rayuwarsa ne yake koyon abin da ba na tsoro ba: maza da mata, yara, ƙarar babur, hannun da ke taɓa masa ƙafa da kunne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda wannan lokaci ya wuce shi a kulle, matsoraci zai tashi, shi kuwa matsoracin kare ba ya bambanta ɓarawo da baƙo ko ɗan gida. Haka nan kuskure ne raba shi da uwarsa kafin mako 8, domin a wurin wasa da 'yan uwansa yake koyon sassauta haƙori.

Allura ɗaya ba ta gama rigakafi. Ana farawa tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa. Kafin a kammala, nesanta shi da kashin wasu karnuka, nan ake ɗaukar cutar farbo mai kawo amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta ke yin watanni a ƙasa. Allurar ciwon haukan kare daga wata uku ne. Maganin tsutsa duk mako biyu har mako 12, sai wata-wata har wata shida.

Kada ka ba shi cakulan, albasa, inabi ko zabibi, ko dafaffen ƙashi mai farfashewa ya huda hanji. Maganin ciwon jikin mutum irin su ibufurofen yana lalata masa ciki da ƙoda. Horo minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi na awa guda. Mutanen gida su tsaya a kan kalma ɗaya ga kowane umarni, a faɗa sau ɗaya. Kada a bar shi a rufaffiyar mota, domin da haki yake sanyaya jikinsa, zafi yana kashe shi da wuri.

In kuwa ya ciji mutum, ko karenka ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira.