Kurakuran da aka fi yi game da Ford Thunderbird ta 1955 zuwa 1957

Kamfanin Ford ya fara nuna Thunderbird a bajekolin motoci na birnin Detroit a watan Fabrairun 1954, ya sa ta a kasuwa a watan Oktoba a matsayin ƙirar 1955. Mutum biyu kawai take ɗauka, gabanta dogo, bayanta gajere, samanta a buɗe. Shekara uku aka yi ana ƙera ta a wannan siffa, kuma har gobe ana rububinta a wuraren gwanjon tsofaffin motoci a Amurka. Yawancin asarar da masu sha'awarta ke tafkawa daga wuri biyu take fitowa: ko su ɗauki motocin shekaru ukun nan a matsayin abu ɗaya, ko su riƙa yi mata kallon motar zamani da aka yi wa tsohon ado.

Da yawa suna zaton motar tsere ce. Ba su da laifi, tunda Ford ta fito da ita ne bayan Chevrolet ta fitar da Corvette a 1953. Amma Ford ba ta bi sawun Corvette ba. Corvette ta farko jikinta na faiba ne, injinta mai silinda 6, ko gilashin ƙofa da ake murzawa sama ba ta da shi. Thunderbird kuwa jikin ƙarfe gare ta, wanda kamfanin Budd ke bugawa, da injin V8 mai silinda 8 tun ranar farko, kuma mai saye yana iya biyan ƙari a sa masa gilashi da kujera masu aiki da lantarki da giya otomatik. Motar jin daɗin mai ita ce, Ford ma haka ta tallata ta. Kasuwa ta nuna wanda ya karanci Amurkawa daidai: a ƙirar 1955 an yi Thunderbird 16,155, Corvette kuwa 700 kacal. Wanda ya saye ta don ya riƙa cin kwana a guje zai sha mamaki, domin tana da nauyi kuma tana kwanciya a kwana. Hanya miƙaƙƙiya take so, da tafiya cikin natsuwa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne na batir. Ƙirar 1955 wutarta volt 6 ce, kuma kan batir mai alamar + shi ake haɗawa da jikin mota, akasin abin da kowane bakanike na yau ya saba. Daga 1956 ne Ford ta koma volt 12, mai alamar − a jikin mota. Idan aka ɗauko batirin zamani aka ɗaura wa 1955 yadda aka saba, ƙwayayen fitila da na'urorin dashbod da rediyo duk suna iya ƙonewa. Abin da ya ƙara dagula lissafi, an mayar da motocin 1955 da yawa zuwa volt 12 a hannun masu su na baya, wasu an yi aikin tsaf, wasu rabi da rabi. Don haka shekarar mota kaɗai ba ta isa hujja ba. A buɗe bonet a ga irin batirin da ke ciki da kan da ya tafi jikin mota kafin a taɓa komai. Kuma idan mai volt 6 tana jan jiki wajen tashi, kada a yi saurin cewa tsarin ne ba shi da kyau. Sau da yawa wani ne ya sa mata siririyar wayar batir irin ta volt 12, alhali volt 6 kakkaurar waya take buƙata da mahaɗa masu tsabta.

Sai batun rufi. Jama'a na ɗauka kowace Thunderbird da rufin yadi ta fito. Ba haka ba ne. Mai saye zaɓa yake yi: rufin faiba mai tauri da ake cirewa ɗungurungum, ko rufin yadi, ko ya biya duka biyun. Na yadin da hannu ake naɗe shi a ɓoye bayan kujera, babu wani maɓalli. Na faiban kuwa sai mutum biyu sun ɗaga shi, kuma sai an tanadi wurin ajiye shi a gareji. Wanda ya sayi mai rufin faiba kaɗai ya cire shi ya kama hanya, idan hadari ya haɗo ba shi da mafita. A tambayi mai sayarwa ƙarara rufi nawa ne, a kuma sa shi ya buɗe na yadin a gaban ido, saboda ƙarafunansa sun fi yadin wahalar samu.

Zagayayyar tagar nan da ke gefen rufin faiba, wadda ta zama tambarin motar a idon mutane, sai a ƙirar 1956 ta zo, bayan direbobi sun koka cewa ba sa ganin abin da ke gefensu ta baya. Ganin ta a kan 1955 na nufin an canza rufin ko an huda shi daga baya. Wannan ba aibi ba ne in har an faɗa wa mai saye. Haka nan safaya taya da ke rataye a bayan but alamar 1956 ce. An fitar da ita waje ne don but ya samu fili, sai nauyinta ya taɓa yadda motar ke riƙe hanya, shi ya sa a 1957 aka tsawaita bayan motar, aka mayar da tayar ciki, aka ƙara ƙananan fika-fikai a kan fitilun baya. A ganina ƙirar 1955 ta fi su tsabtar siffa, amma 1957 ta fi daɗin zama da ita, kuma ita aka fi ƙerawa, guda 21,380.

Masu saye kan yarda da abin da aka rubuta a talla game da inji. Lambar shaidar da masana'anta ta buga wa mota, ba ta rajista ba, ta fi talla gaskiya. Harafin farko na lambar yana nuna injin da ta fito da shi daga masana'antar Dearborn. A 1957, C na nufin inji mai girman inci kubik 292, D mai girman 312, E mai kafireto biyu, F kuma mai na'urar cusa iska da ke ƙara ƙarfi. Masu F kusan 200 ne kawai aka yi, farashinsu ya ninka na sauran, saboda haka nan ne ake yawan samun algus. Saka na'urar a kan motar da lambarta ta fara da D ba ya mayar da ita F. A gwada lambar da ke jikin farantin ƙarfe da wadda aka buga a kan shasi, idan sun saɓa a janye.

Injin kansa mai juriya ne, amma yana da lagonsa. Hanyar da baƙin mai ke bi ya hau saman inji ƙunci gare ta, kuma idan datti ya taru sai ta toshe, saman ya bushe ya fara ƙara. Wasu sai su ƙara kaurin mai su ci gaba da tafiya. Gyaran shi ne a buɗe murfin sama a ga ko mai yana isowa ɓangarorin biyu, in ba ya zuwa a wanke hanyar. Irin wannan tsohon inji kuma ya fi son baƙin mai mai sinadarin zinc, wanda aka rage a yawancin man zamani. Fetur ma ya canza: na shekarun 1950 akwai dalma a ciki, na Amurka a yau ana gauraya shi da ethanol, wanda ke cin tsofaffin robobin tiyo da na kafireto. A sauya su da sababbi kafin su fara yoyo a kan inji mai zafi.

Zafi kuwa tsohon ciwonta ne, musamman a cunkoso. Cire tamostat, kamar yadda kanikawan wajenmu suka saba yi, ba ya warkar da shi. A wanke lagireto da hanyoyin ruwa na cikin inji, a duba fanfon ruwa da fanka. Har ƙafafun direba zafin yake kaiwa, abin da ya sa aka buɗe ƙananan ƙofofin iska a gefen ƙirar 1956.

Birkinta na ganga ne a tayoyi huɗu, kuma layin mai ɗaya ne ke ciyar da su duka. Tiyo ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Masu son komai ya zauna yadda ya fito daga masana'anta za su yi gunaguni, amma duk motar da za ta shiga titi ya kamata a mayar da ita mai layi biyu, a kuma sa mata bel, tunda ko a 1956 sai wanda ya biya ake sa wa. Tsofaffin kayan a adana su a kwali don mai saye na gaba. Fenti mai sheƙi kuma kada ya ruɗi kowa. A shiga ƙarƙashi da tocila a duba shasi da ƙasan ƙofofi da daɓen but, a bi jikin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike tsatsa ne da foti.

Akwai masu cewa rashin kasuwa ne ya kashe mai kujera biyun. Ta sayu, sai dai shugabannin Ford, musamman Robert McNamara, sun ga cewa mai iyali ba zai saye ta ba. A 1958 suka fito da mai cin mutum huɗu, aka sayar da 37,892, fiye da kowace shekara ta baya. Wannan sabuwar wata mota ce daban, jikinta da shasinta a haɗe suke, a masana'antar Wixom ake ƙera ta. Mai neman kayan gyara ya lura da wannan, domin abin da aka rubuta wa Thunderbird 1958 ba zai shiga 1957 ba.