Yadda Ake Lura da Bugun Zuciyar Mai Farfaɗiya Idan Ciwon Ya Tashi

Farfaɗiya a ƙwaƙwalwa take, amma sashen da ke daura da kunne, inda ciwon ya fi farawa, yana da hannu a sarrafa bugun zuciya. Shi ya sa galibi zuciya kan ruga ta haura bugu 100 a minti, ta kuma lafa da kanta. Wanda ba a cika gani ba shi ne ta sauka ƙasa da 50, ko ta tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi.

Da mai farfaɗiya ya faɗi, fara duba agogo don sanin tsawon jijjigar. Janye shi daga wuta ko ruwa, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Ban da cusa cokali a baki, ban da danniya, ban da hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Kada ka wahala neman bugu yana fizge-fizge, ba za ka ji komai ba.

Aikin yana farawa ne da jijjigar ta tsaya, daidai lokacin da jama'a kan ce "ai ta sake shi" su watse. Juya shi kan gefensa, ka kalli ƙirji. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a kwarin da ke gefen maƙogwaro, ɓangare ɗaya kawai. Ban da babban yatsa, yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka lura ko yana tsallake. Babba mai lafiya 60 zuwa 100 yake yi. Maimaita bayan minti 5.

Idan ba ya numfashi, ko sai shaƙuwa jefi-jefi, kada binciken ya wuce daƙiƙa 10. Kwantar da shi rigingine a ƙasa, ka danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Jijjigar da ta haura minti 5 ma ta asibiti ce.

Wata alamar sai mai lura: mutum ya yi zuru yana tsotsar leɓe, can sai jiki ya saki gaba ɗaya, leɓe ya koɗe, ya sulale kamar tsumma. Sau da yawa tsayawar zuciya ce ta hana jini isa ƙwaƙwalwa. A ɗauki bidiyo da waya a kai wa likita.

A asibiti a nemi gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, domin wasu ciwon zuciya ne ke sumar da su ana ta ba su maganin farfaɗiya. Awon EEG, wato na aikin ƙwaƙwalwa, da ECG lokaci guda ke nuna wanda ya fara, ƙwaƙwalwa ko zuciya. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin na iya taɓa bugun zuciya, amma likita ne zai canza su. Yanke magani kwatsam ya fi haɗari. Idan tsayawar na kayar da mutum, akan dasa masa na'urar daidaita bugu.

Kusan babba 1 cikin 1,000 masu farfaɗiya kan rasu kwatsam a shekara, galibi da dare, an same shi a kife. Mai yawan jijjigar dare kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki.