Idan Chrome Na Kai Ka Inda Ba Ka Aike Shi Ba

Gyaran kwamfuta nake yi a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma ɗalibai sun fi kowa kawo min wannan matsalar. Ka rubuta abin da kake nema a saman burauza, wurin sa adireshi, sai wani baƙon adireshi ya gifta ya jefa ka Yahoo ko wani shafi mai cike da tallan caca. Wata 'yar manhaja ce ta laɓe tana karkatar da bincikenka don masu ita su ci kuɗin talla. Galibi tana shigowa ne lokacin da kake sa manhajar kyauta kana danna Next ba ka karantawa. Amma in Edge kake amfani da shi ka ga Bing, kwantar da hankalinka, dama haka Microsoft ta yi shi.

Mafi yawan mutane Settings suke shiga su mayar da Google, washegari abin ya dawo. Yankan ciyawa ne aka bar saiwa.

Fara da rubuta chrome://extensions a wurin adireshin, za ka ga jerin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa Chrome. Duk abin da ba ka tuna ka sa da hannunka ba, danna Remove, kar ka tsaya a kashe shi kawai. Masu yin irin waɗannan manhajojin sun iya zaɓen suna: mai juya PDF, mai sauke bidiyo, mai hasashen yanayi. Daga nan ka shiga Control Panel na Windows, Programs and Features, ka danna Installed On don su jeru bisa kwanan wata. Duba abin da ya shigo a makon da matsalar ta fara, ka cire shi. Sai yanzu za ka koma Settings na Chrome, sashen Search engine, ka zaɓi Google, ka goge baƙin da ke jerin, sannan ka yi Reset settings. Ba ya taɓa kalmomin sirrinka da shafukan da ka adana.

Akwai maɓoyar da ake yawan mantawa. Danna dama a kan tambarin Chrome da ke fuskar kwamfuta, ka buɗe Properties, ka kalli layin Target. Daga chrome.exe ya kamata ya ƙare. In ka ga an liƙa wani adireshi a bayansa, goge shi.

Idan kuma Chrome ya rubuta "Managed by your organization" alhali kwamfutar taka ce ba ta ofis ba, abin ya yi nisa, shi ya sa maɓallin cirewa ke ƙin dannuwa. Buɗe chrome://policy za ka ga dokokin da aka ƙaƙaba. Sauke AdwCleaner, mai share irin waɗannan manhajojin talla, daga shafin kamfanin Malwarebytes kansa, kyauta ne, ka bar shi ya bincika. In ya gama rubutun na nan, kai wa mai gyara, kar ka shiga Registry, rumbun saitunan Windows, da ka.

Kuma don Allah kar a gaggauta yi maka fomatin. Muddin Sync, mai adana kayan Chrome ɗinka a asusun Google, na kunne kuma ba ka cire abin daga asusunka na Google ba, kana sake shiga da Gmail ɗinka zai iya biyo ka cikin sabuwar Windows ɗin.