Masu neman inda kebul ya lalace da NanoVNA, ku kula da wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na taɓa yanke kebul ɗin eriya mai lafiya saboda NanoVNA, ƙaramar na'urar awon eriya da kebul, ta nuna min matsala a mita 3, alhali ɓarnar tana can mita 25. Ba na son wani ya yi irin asarar nan.

Na'urar ba ta ganin nesa yadda take so, tazarar da ke tsakanin ɗigon awo, wato wuraren da take tsayawa ta auna sigina a cikin zangon frequency da ka ba ta, ita ke yanke mata iyaka. Ɗauki NanoVNA mai ɗigo 101, ka buɗe zangon har megahaz 900. Tazarar ta zama kusan megahaz 9 ke nan. A kebul nau'in RG-58, da sigina ke tafiya da kashi 66 cikin 100 na saurin haske, kuma sai ya je ya dawo, iyakarka kusan mita 11 ce kacal. Abin da ya wuce nan ba ɓacewa yake yi ba, naɗowa yake ya bayyana kusa da kai kamar gaske. Nan ne tarkon.

Sai ka rage zangon zuwa megahaz 200, za ka ga kusan mita 50. Amma fa matsaloli biyu da ke dab da juna za su haɗe su zama ɗaya. In na'urarka na karɓar ƙarin ɗigo, shi ya fi.

Kafin ka sa wuƙa, canza zangon kaɗan ka sake awo. Ƙololuwar da ke nuna matsalar gaskiya a allon na'urar tana nan inda take, ta bogi kuwa sai ta gusa.